Ciki Na Mutum Biyu Ne, Don Me Mace Kaɗai Ke Ɗaukar Laifi?



Yau ba sanarwar taro ko tunin kuɗin wata na zo da shi ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ra'ayina ne ni kaɗai, ba matsayar shugabannin ƙungiya ba. Wanda ya ga gyara, ƙofa a buɗe take.

Kwanakin baya wani ɗan uwanmu da ke aikin tuƙi a wani gida a nan Maitama ya same ni bayan sallar Isha'i, ya ce yana neman shawara. Ya yanke hukuncin sallamar matarsa ta koma gidansu. Shekara tara da aure, haihuwa huɗu, uku mata, namiji guda ɗaya da aka samu kuma mai sikila ne, bana kaɗai an yi masa ƙarin jini sau biyu. Daga gida an aiko masa cewa jinin gidan su yarinyar ne ba shi da kyau, gara ya nemi wata tun da sauran ƙarfinsa. Na tambaye shi ko shi ya taɓa yin gwajin jininsa. Ya yi dariya ya ce, “Haba Sakatare, ni da ban taɓa kwana a asibiti ba?” Na roƙe shi ya jinkirta mako guda, mu je a gwada shi. Da sakamako ya fito, takarda ta nuna AS. Ya daɗe yana kallonta bai ce uffan ba, can ya ce, “Ashe har da ni a ciki.” Da izininsa nake ba da wannan labari, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunansa ba.

Abin da nake so in faɗa bai wuce wannan ba: rabin abin da jariri ke zuwa da shi duniya daga uba yake, amma mu maza mun bar wa mata zuwa asibiti, mun bar musu amsa tambayoyin ungozoma, sannan idan abu ya zo ba yadda muke so ba mu ɗora musu laifin gaba ɗaya. Wannan ba adalci ba ne, kuma yana jawo mana asarar 'ya'ya da mutuwar aure ba gaira ba dalili.

Duk wanda ya taɓa raka iyalinsa awon farko, ko a Asibitin Maitama da ke titin Aguiyi Ironsi, ko na Wuse, ko na Asokoro, ko ƙaramin asibitin unguwa, ya san yadda ungozoma ke buɗe kati. Za ta tambayi ranar da matar ta fara ganin al'adarta ta ƙarshe, domin daga wannan rana ake ƙirga makonni 40 na ciki. Za ta tambayi haihuwa nawa, ɓari nawa, ko an taɓa yi mata aiki ko ƙarin jini. Za a auna nauyi da hawan jini, a duba fitsari, a ɗebi jini. Daga nan sai a zo kan tambayoyin da suka shafi maigida: akwai mai sikila a danginsa? Akwai wanda aka haifa da wata nakasa? Mene ne rukunin jininsa, AA ne shi ko AS? A nan ne mace ke sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba. Mai amsar yana wurin aiki, ko yana cikin mota a bakin ƙofa yana danna waya. Haka za a bar wurin a katin babu komai, alhali ba don neman magana aka yi tambayar ba.

Mutanenmu kan ce mace gona ce, namiji ke shuka. In da za mu riƙe wannan maganar da gaske, ai da ba mu ga laifin gona ba idan an shuka gero bai fito dawa ba. Amma abin da masana suka tabbatar shi ne, iri daga ɓangare biyu yake zuwa. A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai wasu siraran zaruruwa guda 46 da ake kira kuromosom, su ke ɗauke da gadon halitta: launin fata, tsawo, kamannin fuska, irin jini, har da wasu cututtuka. Ƙwan mace yana zuwa da 23, ƙwayar maniyyin namiji tana zuwa da 23. Idan suka haɗu a cikin bututun da ke kai wa mahaifa, sai lissafi ya cika 46, a samu ƙwaya guda ɗaya wadda daga ita mutum sukutum zai fito da ikon Allah. Babu ɗan da ya ɗauki kashi uku daga uwa, kashi ɗaya daga uba. Raba daidai ne.

Mu fara da batun haihuwar 'ya'ya mata, wanda ya raba aure ba adadi. Daga cikin zaruruwan nan akwai biyu da ke nuna jinsi. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, ba shi da wani. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, wani mai X, wani mai Y. Idan mai X ya shiga ƙwai, a samu mace. Idan mai Y ya shiga, a samu namiji. Ke nan matar da aka yi wa kishiya ko aka saka don ba ta haifi namiji ba, an hukunta ta ne a kan abin da ko kusa ba ya hannunta. Shi ma mijin ba shi ke zaɓa ba, domin miliyoyi ne ke tsere, guda ɗaya ke shiga. A aya ta 49 da ta 50 ta Suratus Shura, Allah Ya bayyana cewa bayar da mata ko maza, ko haɗa su, ko hana haihuwar ma, duk nasa ne. A Suratun Nahli kuma an zargi mutumin da ransa ke ɓaci idan aka yi masa albishir da 'ya mace. Kakanninmu ma sun san abin yana juyawa, shi ya sa muke da Tanko, yaron da ya zo bayan mata, muke da Kande ko Delu, yarinyar da ta zo bayan maza.

Haka batun rashin haihuwa. Likitoci sun nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi musu wuya, akwai matsala daga wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Amma sai a yi shekara biyar mace tana yawon asibiti da masu magani, tana shan jiƙe-jiƙe, maigida bai taɓa bayar da nasa an duba ba. Ɓarin farkon ciki ma, kusan rabinsa kuskure ne da ke faruwa a wajen haɗuwar zaruruwan nan, wanda zai iya fitowa daga ƙwai ko daga maniyyi. Ba daka ta yi ba, ba sakaci ta yi ba.

Sai sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. Sunan ma daga kalmar Turanci ta lauje aka aro shi, saboda ƙwayar jinin mai lafiya zagayayyiya ce mai laushi, ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Wannan toshewar ce ke kawo ciwon ƙashi da ke sa yaro kuka cikin dare. Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kamar kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jininsu ke yawan yin ƙasa. Wani likita a birnin Chicago na Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana cutar a rubuce a 1910. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ita. Ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi ya ce ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Ke nan a sahun sallah mai mutum ashirin, za a iya samun biyar, kuma mafi yawansu ba su sani ba, domin mai AS lafiyarsa ƙalau yake rayuwa, kamar ɗan uwan namu direba.

Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, S ɗaya daga uba. Uwa ita kaɗai ba za ta iya ba shi ba. Idan mai AS ya auri mai AS, ku ɗauka kamar ƙwarya ce da goro huɗu a ciki: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Kowane ciki hannu ne za a zura ido a rufe a ɗauko goro guda, sannan a mayar da shi cikin ƙwaryar kafin ciki na gaba. Wannan mayarwar ita ce mutane ba su fahimta ba. Za ka ji ana cewa ai ɗaya ne cikin huɗu, tun da an samu ɗayan to sauran ukun za su tsira, ko kuma a ce sai haihuwa ta huɗu ake samu. Ba haka ba ne. Wani gidan a haifi shida babu ko ɗaya, wani gidan a haifi uku a jere duk SS. Akwai kuma AC, wanda idan ya haɗu da AS za a iya samun SC, ita ma nau'in sikila ce. Sannan a kula, wannan gwajin na jinotayif daban yake da rukunin jini na A da B da AB da O. Na sha tambayar mutum ya ce mini ai shi O ne, yana ganin ya ba ni amsa.

Kada wani ya ɗauki AS abin kunya. A 1954 wani masani mai suna Anthony Allison, bayan binciken da ya yi a gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan ne ya sa S ta yi yawa a ƙasashen da sauro ya yi yawa. Garkuwa ce da kakanninmu suka rayu da ita. Mai AS ya auri mai AA babu fargabar SS ko kaɗan. Abin gudu shi ne haɗuwar biyun ba tare da sani ba. A auren zumunci kuma, wanda muke yi da yawa, yiwuwar haɗuwar takan ƙaru, domin kaka ɗaya ne ya raba wa kowa gado. Ban ce a daina auren zumunci ba, cewa na yi a nan ne gwaji ya fi zama dole.

Iyayenmu sun san matar da ake ce wa mai wabi, wadda 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana. Har sunaye aka ƙirƙiro saboda ita, irin su Ajuji da Ayashe, wai ko mutuwa za ta raina yaron ta ƙyale shi. Ba duk wabi ne sikila ba, akwai ƙyanda da zazzaɓi da gudawa da suka kwashe yara da yawa. Amma a cikin wasu gidajen ita ce, a wasu kuma wata matsalar jini ce daban da har yanzu ba a cika maganarta ba.

Idan aka rubuta maka rukunin jini za ka ga alamar tarawa ko ta ɗebewa a gefe, wato abin da ake ce wa fositif da negatif. Masu negatif kaɗan ne a cikinmu, ba su kai ɗaya cikin goma ba. Idan uwa negatif ce, uba fositif, jariri na iya gado jinin uba. Cikin farko yawanci lafiya lau. Amma a wajen haihuwa ko ɓari, ɗan jinin jaririn na iya shiga jikin uwa, sai jikinta ya ɗauke shi baƙo ya haɗa masa sojoji. A ciki na gaba sojojin nan kan ratsa mabiyiya su farfasa jinin ɗan tayi, a haife shi da shawara mai tsanani, ko ya mutu a ciki. Maganin abin allura ce da ake kira anti-D, wadda ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, wani lokaci har da wata kafin haihuwa. Allurar tana da tsada, amma wanda ya san zai buƙace ta tun watan farko yana da wata takwas na tanadi. Wanda bai sani ba, sai bayan an binne na biyu da na uku a fara cewa matar tana da iska. Dubi yadda wannan ma lissafin jinin mutum biyu ne.

Yanzu mu zo kan lokaci, domin a nan ne muke yin babbar asara. Ƙwai da aka saki daga jikin mace bai wuce kwana guda yana jira ba. Idan aka samu haɗuwa, cikin kamar mako guda ƙwayar ta gangara ta manne a bangon mahaifa. Kusan kwana 22 bayan haɗuwar, zuciya ta fara bugawa. Zuwa kwana 28, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya ya rufe. Kafin cikar mako takwas an aza harsashin hannu da ƙafa da idanu da sauran manyan gaɓoɓi, alhali ɗan tayin bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da mace ke cewa wata ya ɗan wuce mata, ba ta ma tabbatar ba. Motsin da muke jira mu ji kafin mu yarda akwai ciki, sai wajen wata huɗu zuwa biyar yake zuwa. A lokacin gini ya yi nisa.

Shi ya sa ma'aikatan jinya ke nacewa a kan 'yar ƙwayar nan ta folik asid. Ita ke taimaka wa bututun bayan ya rufe daidai, ta rage haihuwar jarirai da buɗaɗɗen baya. Amfaninta mafi girma kafin ciki ne da makonnin farko, don haka amarya da duk mai shirin haihuwa ya kamata ta fara sha tun ba ta ɗauka ba. Kuɗinta bai kai na katin waya ba. A makonnin nan ne kuma maganin da aka saya a kemis ba tare da tambaya ba, ko jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, ya fi yin ɓarna. Wa ke sayo su? Galibi mu ne, da kyakkyawar niyya, don ta ce tana jin zazzaɓi da tashin zuciya. Hayaƙin sigari ko shisha a ɗakin da mai ciki ke kwana shi ma namu ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12, a kuma yi hoton ciki sau ɗaya kafin mako 24. Hoton nan an yi shi ne don a san shekarun ciki, a ga ko tagwaye ne, a duba ko halitta tana tafiya daidai. Mu kuwa tambayarmu guda ce: mace ne ko namiji? A awo ne kuma ake ba da maganin ƙarin jini, da na rigakafin zazzaɓin sauro daga wata na huɗu, da allurar tetanus. Amma al'adarmu ta ɓoye ciki, musamman na fari, saboda kunya da tsoron baki, takan sa mace ba ta zuwa sai wata shida ko bakwai. Ɓoye wa maƙwabta daban, ɓoye wa ungozoma daban. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a yawancin gidajenmu ranar fara awo ita ce ranar da maigida ya ba da izini da kuɗin mota.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta babu mai kankare shi. Haka ne, kuma babu musulmin da zai musa. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, da aka yi masa magana ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ba mu shuka a kan dutse mu ce tawakkali. Kafin mu ba da 'ya, muna aika a binciko asalin yaro da halinsa da sana'arsa har ƙauyensu. Me ya sa binciken jini kaɗai ya zama rashin imani?

Za a ce iyayenmu ba su yi gwaji ba kuma ga mu. Gaskiya ne, ga mu, mu da muka rayu. Kowa ya tambayi mahaifiyarsa nawa ta haifa, nawa ta binne. Za a ce babu lokaci, oga ba zai bari ba. Wannan uzuri ne na gaske ga masu gadi da direbobi da masu wanki da guga da ke shigowa Maitama daga Mpape ko Gishiri tun asuba su koma bayan Isha'i. Amma ɗibar jinin ba ta cin rabin yini, kuma sau ɗaya ne a rayuwa idan an yi shi daidai, domin jinotayif ba ya canzawa. Ga iyayen gidanmu masu hali da ke cikin wannan ƙungiya, ku ba yaranku wannan rabin yinin. Ku ma kanku ba ku tsira ba. Na ga manyan mutane da ke tura direba ya kai Hajiya asibiti mai tsada, katin nata shi ma wurin maigida babu komai.

Jihar Kano ta riga ta ɗauki mataki. A auren gata na ma'aurata 1,800 da aka ɗaura a watan Oktoban 2023, sai da aka yi wa angwaye da amare gwaji. A watan Mayun 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da jinotayif, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki. Na yaba wa wannan doka. Sai dai doka tana tsayawa ne a kan takarda ranar ɗaurin aure, ni kuwa abin da ke damuna shi ne lokacin da ake yin gwajin. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, an buga katin gayyata, sannan a tuna da asibiti saura mako guda. A wannan lokacin wa ke da ƙarfin halin fasawa? Sai a rufe ido, ko a nemi inda za a rubuto AA. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na san wasu ma'aurata da wani ɗan ɗakin gwaji na bakin titi ya ba su takardar AA, sai da aka haifi yaro mai sikila aka sake gwaji aka ga duk su biyun AS ne. Ko kuskure ne ko cin amana, Allah masani, amma yaron ne ke biya.

Ga waɗanda suka riga suka yi aure suka gano duk AS ne, ba kiran saki nake yi ba, Allah Ya kiyaye. Saninku shi ne makaminku. Jaririn SS yakan yi kamar lafiyarsa ƙalau har zuwa wajen wata biyar ko shida, saboda jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi, daga nan a fara ganin kumburin hannu da ƙafa. Idan an gwada shi tun yana jariri, za a fara ba shi kariya kafin ciwo ya fara: alluran rigakafi a kan lokaci, maganin hana kamuwa da ƙwayoyin cuta, gidan sauro, yawan shan ruwa. Akwai kuma maganin haidroksiyuriya, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka yi bincike a kansa wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. A nan kusa da mu, Jami'ar Abuja tana da cibiyar bincike a kan sikila ƙarƙashin Farfesa Obiageli Nnodu, wadda ta yi aikin gwajin jarirai a yankin Gwagwalada. Masu sikila a yau suna karatu, suna aiki, suna aure. A daina yi wa yaro kallon wanda ba zai daɗe ba, a daina kirga wa iyayensa kuɗin da ya ci.

Ga abin da nake son in gabatar a zamanmu na gaba, idan shugabanni sun amince. Na farko, kowane namiji a cikinmu ya san jinotayif ɗinsa da rukunin jininsa, ya rubuta ya ba matarsa. Wanda iyalinsa ke gida, a Katsina ko Jigawa ko Maraɗi, ya yi gwajin a nan ya tura mata hoton takardar ta waya ta nuna wa ungozoma. Na biyu, mu gwada 'ya'yanmu tun suna ƙanana, su tashi da sanin jininsu kamar yadda suka san sunan kakansu, don maganar ta fito tun ranar da saurayi ya fara sallama, kafin zuciya ta yi nisa. Na uku, duk gwajin da za a gina aure a kansa a yi shi sau biyu a wurare daban-daban, ɗaya a asibitin gwamnati, kuma waliyyai su ga takardar da idonsu kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Na huɗu, maigida ya raka matarsa awon farko ya shiga ciki ya zauna, ko da sauran bai samu zuwa ba. Na biyar, mu ware wani abu daga asusun taimakon juna don biya wa marasa ƙarfi kuɗin gwaji da na allurar anti-D. Ranar 19 ga Yuni ita ce ranar sikila ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware. Zai yi kyau mu gayyaci ma'aikaciyar jinya ko ungozoma ta zo ta yi mana bayani a ranar, maza a zaune a gaba, ba a bar wa mata su kaɗai ba.

Ɗan uwan namu bai saki matarsa ba. Ya kira gida ya yi musu bayani da bakinsa, duk da cewa ba kowa ne ya gamsu ba. An gwada 'yan matan uku, yanzu ya san matsayin kowacce, kuma shi ke kai yaron asibiti ranar da yake hutu. Abu guda da ya gaya mini da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara huɗu matar tana ba shi haƙuri a kan ciwon yaron, shi kuma yana karɓar haƙurin.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya mana zuriya a kan alheri. Wanda ya san nasa sakamakon, ya tambayi na kusa da shi ko shi ma ya sani.

Naku,
Sakataren Ƙungiya,
Maitama, Abuja.